Wa Zai Riƙe Ƙungiyar Haruna?

Shekara takwas ke nan da muka sallaci Haruna, wanda mutanen Jidda suka fi sani da Abu Yasir, muka raka shi makwancinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki alƙalami in mayar. Dalili kuwa, abin da ya fi haɗa ni da shi abu ne da in na gaya wa mutanen gida sai su yi mini kallon wanda zafin Jidda ya taɓa wa kai. Bana dai na daure zan rubuta, saboda saura ƙiris da an goge sunansa daga wurin da har yanzu ake kiransa duk mako.

Ni tela ne. Na zo Umara daga Kano ina saurayi, a ƙarshen shekarun saba'in, da niyyar in yi wata guda in koma. Har yau keken ɗinkina yana unguwar Bani Malik a nan Jidda. Haruna kuwa haifaffen nan ne, kakansa ne ya taka da ƙafa daga ƙasar Hausa ya zo aikin Hajji bai koma ba. Shi ya yi ta faɗi tashi har na sami kafili na kirki, wato ɗan ƙasa mai tsaya mini, da iƙama, takardar izinin zama, a lokacin da ba ni da kowa. Hausarsa rabi da rabi ce da Larabci, ni kuma Larabcina a lokacin ko na sayen burodi bai kai ba, don haka kowa ya sami abin yi wa ɗan'uwansa dariya. Bai taɓa kirana da sunana Sani ba. Tela yake ce mini, ko a gaban surukaina.

Sana'arsa gyaran bidiyo da talabijin. Yana yi wa wani rukunin gidaje aiki a arewacin gari, inda ma'aikata 'yan Amurka suke zaune. A wancan zamani 'yan'uwansu ne suke ɗaukar musu wasan ƙwallon ƙasarsu a kaset su aiko, sai ya yi makonni a hanya kafin ya iso. Kaset ɗin can ba ya fita daidai a injinan nan sai an yi masa dabara, kuma Haruna ne mai dabarar. Da farko don gwada inji kawai yake kunnawa. Daga baya sai aka ga ya gama gyara tuntuni amma yana zaune a ƙasa bai tashi ba.

Ranar da ya fara nuna mini, a falonsa na unguwar Madain Fahd, ce masa na yi wannan ai dambe ne aka sa wa hular kwano. Ƙwallon kanta kamar gwanda. Ƙarti su taru su yi ƙus-ƙus, su jeru, su yi karo, a tsaya, a sake. Sai ya yi mini bayani da abin da na sani. Ya ce masu kai hari ana ba su dama huɗu su ci yadi goma na fili, wato shadda biyu in ana maganar tela, in sun ci a sake ba su huɗu. Masu tsaro kuma jeri-jeri suke. Akwai ƙattin gaba, akwai masu gudu a can baya, sannan a tsakaninsu akwai waɗanda ake kira lainbaka. Waɗannan na tsakiyar su ne suka tafi da hankalin Haruna har ƙarshen rayuwarsa.

Na daɗe ina tunanin yadda aka yi haka, na kuma gane kaset ne ya jawo. Kowa a duniya yana kallon wasa ne don ya ga wa zai ci. Haruna kuwa duk wasan da ya zo hannunsa an riga an san sakamakonsa tun makonni uku baya, mai kaset ɗin ma ya gaya masa. To me ya rage ya kalla? Sai ya daina bin ƙwallo da ido. Ya koma kallon ɗan lokacin nan da kowa yake juyawa ya kurɓi shayi, tsakanin tsayawar wasa da sake tashinsa, lokacin da wasu suke sukuwa su fita fili wasu su shigo. Yakan danna rimot ya tsayar da hoto, ya matsa kusa da gilashin talabijin har numfashinsa ya taɓa shi, ya ƙirga mutane da yatsa. A dama ta farko lainbaka uku ne. A ta uku, in yadin da ya rage da yawa kuma dole a yi jifa, sai ka ga sun koma biyu, wani lokaci ɗaya. Wanda ya rage ɗin nan shi Haruna yake nema.

Ya raba musu sunaye irin namu. Na tsakiya, mai nuna wa sauran inda za su tsaya, shi ne maigadi. Wanda ake saki daga gefe ya afka wa mai jifa, mafarauci ne, kuma Haruna ba ya sakin jiki da shi, wai yau ya dawo da barewa gobe ya dawo hannu rabbana. Akwai kuma wanda yake kira ɗan dako, mai tare ƙato don wani ya sami hanyar kayar da mai ƙwallo. Wannan yana tausayinsa ƙwarai, domin shi ke shan wuya, wani ya kwashi yabo, kuma shi ake fara cirewa da zarar an zo dama ta uku.

Duk wannan da kallo ne kawai, da ya tsaya nan. Sai wata shekara Amurkawan suka rasa mutum ɗaya a wani wasa da suke yi tsakaninsu, wanda suke kira fantasi, suka sa Haruna ya cike gurbi. Ga yadda yake, ga wanda bai sani ba. Abokai ne za su taru kafin a fara kakar wasa, kowa ya zaɓi 'yan wasa na gaske daga ƙungiyoyi daban-daban, ya haɗa tasa ƙungiyar a takarda. Duk abin da ɗan wasanka ya yi a fili a can Amurka, kai ake rubuta wa maki a nan. Duk mako ana haɗa ka da ɗaya daga cikin abokan, wanda makinsa ya fi shi ya ci. Haruna ya yi shekara biyu da su, ya ga abin ya yi masa, ya kwaso shi ya kawo mana.

Mu goma muka fara, direbobi da teloli da mai sayar da kayan mota da wani malamin makaranta. Ya kafa dokoki tun ranar farko. Ba a sa ko sisi, domin ba zai buɗe gidan caca a falon da yake salla ba. Wanda ya zo na ƙarshe shi zai riƙa zuba wa kowa shayi duk shekara mai zuwa, kuma ba a yi masa sannu. Kowa yana da ikon riƙe ɗan wasa ɗaya daga bara, sauran a mayar kasuwa. Mutum ɗaya, ƙungiya ɗaya. Sannan ya dage sai an sa masu tsaro a lissafi, ba masu cin ƙwallo kaɗai ba. Duk wanda lainbakanka ya kayar, maki ne. Ya kama mai jifa, maki mai tsoka. Ƙungiyarsa ya sa mata suna Gidan Haruna, wai ba shi da lokacin neman suna mai ban tsoro.

Alhamis bayan La'asar muke haɗuwa, tunda ita ce ranar hutu. Matarsa, Ummu Yasir, takan turo tsire daga ciki, irin wanda Larabawan nan suka koya a wurin kakanninmu suke kira siriyya, da butar shayi mai na'ana'a. A nan ake musu har a kira Magariba. Mu dai mukan ɗauki wanda muka ga ya yi karo mai ƙara, wanda aka yi ta maimaita hotonsa. Haruna sai ya bari mu gama wawaso, sannan ya ambaci wani suna da ba wanda ya taɓa ji. In an yi masa dariya ya ce, "Ya Tela, wanda yake benci yana shan ruwa ba ya kayar da kowa. Naka ƙato ne, sahh, gaskiya ne, amma rabin wasa yake yi. Nawa ba ya fita." Ba kullum yake cin gasa ba, kada in yi masa ƙarya don ya mutu. Wurin zaɓen masu jifa sam ba shi da sa'a, kuma ya taɓa zuba mana shayi shekara guda cur yana ƙunƙuni da Larabci. Amma a kan lainbaka ban taɓa ganin ya yi zaɓen tumun dare ba.

A shekararsa ta ƙarshe ya ɗauki wani sabon yaro da ya shigo wasan ƙwararru, maigadi ne, muka sa masa Baƙin Ƙarfe. Haruna ya ce wannan kocinsa ba zai iya cire shi ba ko yana so, domin yana tare mai gudu, yana kuma iya bin mai karɓar jifa. Haka kuwa aka yi. Sai dai shi bai ga ƙarshen kakar ba. Ciwon zuciyar da ya daɗe yana ɓoye mana ya kwantar da shi a tsakiyarta. Na je duba shi asibiti ina ta neman kalmar da zan faɗa, shi kuwa abin da ya fara tambayata shi ne ko na tabbatar yaronsa yana cikin jerin wannan mako.

Bayan an share makoki ba wanda ya iya cewa a cire Gidan Haruna. Sai aka ce in riƙe ta tare da tawa zuwa ƙarshen kaka. Ƙarshen kaka ya zo ba wanda ya ta da maganar, ni ma na ci gaba da riƙe ta. Ummu Yasir ta aiko cewa falo yana nan, kada mu fasa zuwa. Haka muka ci gaba. Kuma duk shekara in aka tambayi wanda Gidan Haruna za ta riƙe daga bara, amsata ɗaya ce, Baƙin Ƙarfe. Shi ne mutum na ƙarshe da Haruna ya nuna da yatsansa, kuma ina ganin muddin yana cikin ƙungiyar, hannun abokina bai fita daga cikinta ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kaset ya zama tarihi, shagunan gyaransa sun koma sayar da waya. Wasan da muke jira makonni yanzu dish yana kawo shi a ranar, maki kuma yana hawa da kansa a shafin intanet, ba sai malamin makaranta ya yi lissafi muna zarginsa da son kai ba. Abin da zai fi ba shi mamaki, mutumin nan da yake ɓata yammaci guda yana nema da rimot, yanzu an manna masa ɗigon kore a bayan hula, alamar shi ne koci yake yi wa magana ta rediyo, don haka da wuya ya fita fili. Har adadin lokutan da kowane ɗan wasa ya shiga ana bugawa, kowa ya gani. Ina jin da farko zai yi fushi, ya ce an raba wa ragwaye guminsa a banza. Bayan kwana biyu kuma zai gano wani abin da ba a buga ba ya koma kansa. Wasan ma ya sauya, jifa ya yi yawa, ƙattin da yake kira 'yan dako sai ƙara zaman benci suke yi.

Majalisar ma ta sauya. A cikin goman farko mu huɗu muka rage, wasu sun koma gida, wasu sun bi Haruna. Matasa suka shigo, cikinsu har da Bashir, injiniya ɗan Kaduna, wanda yanzu shi ke tafiyar da gasar a kwamfuta. Yaro ne mai ladabi, shi ya sa maganar ta yi masa nauyi, amma bana ya faɗe ta. Ya ce doka ta ce mutum ɗaya ƙungiya ɗaya, kuma marigayin ne da kansa ya kafa ta. Akwai mutum biyu da suke jiran gurbi. Sannan in ƙungiyoyina biyu suka haɗu, ba wanda ya san wadda nake so ta ci. Gaskiya ya faɗa, ni kaina ban sani ba. Aka yanke cewa ko dai wani daga gidan Haruna ya karɓi ƙungiyar kafin ranar zaɓen 'yan wasa, ko a goge ta. In an goge kuma, zaman zai koma gidan Bashir a unguwar Safa, inda akwai babban talabijin da wurin ajiye mota.

Na rasa abin da ke mini daɗi. Mutum ɗaya ne zan iya zuwa wurinsa, Yasir, babban ɗan marigayin, wanda yanzu magidanci ne yana aiki a kamfanin jigilar kaya. Yana jin Hausa sarai, amma in zai mayar sai ta kakare masa ya zarce da Larabci. Bai taɓa zama da mu ba ko sau ɗaya. Na same shi a gidansa, na yi masa bayani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya kira ni baffa da Larabci ya ce, "Ya Ammi, ma'alesh, ka yi haƙuri. Wasan nan ya cinye mini duk Alhamis ɗin Baba. Yara suna zuwa bahar, bakin teku, da ubanninsu, ni ina jin ku ta bayan ƙofa. Khalas, shi ke nan, ku goge." Ban yi masa musu ba, domin ban taɓa kallon abin ta wannan gefen ba, kuma na ji kunya. Na sha shayina na fito.

Ranar zaɓe na hau benen Madain Fahd ina ganin hawan ƙarshe ke nan. Ina shiga sai na tarar da Yasir zaune a ƙasa, ya jingina da bango, kwamfuta a cinyarsa. Ya tashi ya sumbaci kaina yadda suke yi a nan, ya ce mini a hankali cewa ya gaya wa mahaifiyarsa yadda muka yi. Ba ta ce ya karɓa ba, ba ta ce kada ya karɓa ba. Cewa kawai ta yi, Alhamis ce kaɗai ranar da take jin muryoyin maza suna musu da Hausa a gidan, kuma takan bar ƙofar kicin a buɗe.

Murna ta cika ni har na fara yi masa karatu. Na ce abu na farko, in Bashir ya tambayi wanda za ka riƙe, ka ce Baƙin Ƙarfe, zaɓin mahaifinka ne. Ya ci gaba da duba kwamfutarsa. Da aka zo kansa, Bashir ya tambaya, sai Yasir ya ce ba ya riƙe kowa.

Na buɗe baki zan yi magana. Yasir ya juyo da kwamfutar wajena. Ashe mako biyu ya yi yana kallon wasannin bara, yana tsayar da hoto yana ƙirgawa, abin da ya tashi yana gani ta kafar ƙofa yana jin haushinsa. Ya nuna mini dama ta uku a wasa ɗaya, ya nuna a wani, ya sake nunawa a wani. Baƙin Ƙarfe ba ya ciki. Ga shi can gefe, hula a hannu, gwiwa a ɗaure. "Ammi," in ji Yasir, "mutumin ya tsufa. Wallahi Baba da ya sallame shi min zaman, tun tuni. Kai ne kake riƙe shi, ba Baba ba."

Na san haka tun shekara biyu baya. Idona ya gani, na kawar da kai. Na dubi tsofaffin abokanmu uku, kowa ya sunkuyar da kai yana murmushi, ashe su ma sun sani, tausayina ne ya hana su faɗa. Da zagaye ya zo, Yasir ya ɗauki wani yaro da ba wanda ya taɓa jin sunansa, lainbakan gefe mara nauyi wanda kocinsa ya fara bari a fili a ƙarshen bara. Matasan suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce ai wannan ko gidansu ba a san shi ba. Ni ban yi dariya ba, domin na taɓa yin irinta a wannan falon na kuma ga yadda ta ƙare.

Yanzu an yi nisa a kaka. Gidan Haruna ba ta kan gaba, tana tsaka-tsaki, domin Yasir ya gaji mahaifinsa har wurin rashin sa'ar masu jifa. Amma yaron nasa ba ya fita fili. Zaman bai koma Safa ba. Yasir yana zuwa duk Alhamis, ya fara shiga ciki ya gai da mahaifiyarsa, ya fito da butar shayi da kansa, kuma musu ya tilasta wa Hausarsa miƙewa, don ba a cin musu a falon nan da Larabci.

Na yi shekara takwas ina zaton abin da Haruna ya bari shi ne suna a jerin gasa da ɗan wasa guda, na rungume su ina tsoron kada su faɗi. Ɗan wasan ya tafi, ban ga abin da ya ragu ba. Abin da ya bari yana wurin mutanen da ya koya wa su tsaya su duba da kyau kafin su yi magana, yana wurin matar da take barin ƙofa a buɗe, yana kuma wurin ɗan da ya yi fushi da shi shekara da shekaru amma idonsa na ubansa ne. Allah ya jiƙan Abu Yasir, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Makon jiya aka haɗa ƙungiyata da Gidan Haruna. Ranar Talata da safe ina yankan wata jallabiya sai waya ta yi ƙara. Haruna yana da wannan hali, duk ranar da ya doke ni sai ya kira shago tun ban gama buɗewa ba, kuma tun da ya rasu ba wanda ya sake yi mini haka. Na ɗauka. Ko sallama ba a gama ba na ji Yasir ya ce, da Hausa tsantsa ba ko kalmar Larabci ɗaya, "Baba Tela, na cinye ka. Ka je ka koyi zaɓe."

Na ce masa mara kunya, ɗan mara kunya. Sannan na ajiye almakashi, domin ƙwalla ta sa na daina ganin layin alli.